Saƙon Da Kan Jawo A Ƙwace Kayan Ɗan Kasuwa

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba baƙo ba ne ga kamun kwastan. Ya san yadda ake tare tirelar atamfa a hanya, ko a garƙame sito a ce kayan fasa-ƙwauri ne. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, akwai ƙwacen da ba ruwansa da kuɗin fito, wato wanda dokokin kare namun daji da itatuwa suka tanada.

Tun 1985 Najeriya take da dokar da ta hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, bisa yarjejeniyar duniya ta CITES da ta fara aiki a 1975. Tarar da aka sa tun farko naira 1,000 ce, kuɗin da daga baya ko cefane ba ya yi, sai a 2016 aka gyara dokar aka ɗaga ta. A ganina ma tara ba ita ce ke tsorata mai wannan harka ba. Wanda ya loda hauren giwa na miliyoyi, lissafa tara yake cikin kuɗin hanya, kamar ladan ɗan dako. Abin da ke karya shi a raba shi da kayan, ya tashi ba uwa ba riba. Shi ya sa dokar ta bai wa kotu ikon mallaka wa gwamnati abin da aka kama. Kuma ba gwanjonsa ake yi ba, don sayarwa raya kasuwar ne. A Oktoban 2023 hukumar kare muhalli ta NESREA ta jagoranci ƙona ɓawon ɗankunya kusan tan 4 a Abuja, a Janairun 2024 kuma aka niƙe hauren giwa kimanin tan 2.5.

To ina ruwan mai sayar da shadda da wannan? Ruwansa yana wajen saƙo. Mutanenmu na Fagge da Sabon Gari kullum a hanya suke, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Dubai, Jidda ko Guwanzu, kuma kunya ba ta barin Bahaushe ya ƙi karɓar ƙunshi idan an ce, "Alhaji, don Allah miƙa wa wane." Haka direba ke karɓar buhu biyu a ɗora kan lodi don samun na mai. Ita kuwa dokar kwastan ta daɗe da tanadin cewa idan haramtaccen kaya ya faɗa hannun hukuma, motar da ta ɗauko shi da kayan da aka cusa shi a ciki su ma suna iya tafiya. Dila ɗari na halal na iya salwanta saboda buhu ɗaya. Ko da mutum ya wanke kansa a ƙarshe, sai ya sha zaryar kotu, yayin atamfar kuma ya wuce tana ajiye.

Abubuwan ba sai hauren giwa ba. Aku mai launin toka da jan bindi ya shiga jerin da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2017, shi da ɗankunya. Jakar fatar kada ko ta mesa, irin wadda baƙi ke saya tsaraba a kasuwar Kurmi, tana bukatar takardar izini kafin ta ƙetare iyaka. Har itacen madobiya, da aka yi ta yi wa sarar rashin imani ana kaiwa Sin, CITES ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018.