Kariyar shuka ta zo cikin iri

Manomin Korahane, a gundumar Dakoro ta jihar Maradi, in ya ga darɓa ta lulluɓe masa wake ko gyaɗa, feshi ne kaɗai abin da ke hannunsa. Sai dai ƙwaron da ke ɗauke da cuta ba ya jiran guba ta kama shi. Kafin ya mutu ya riga ya soka baki ya zuba abin da ya kawo. Kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya a 1975, Nijar ma ba ta tsira ba.

Shi ya sa nake ganin masu neman kwance wa ƙwayar cuta makami sun fi kusa da gaskiya. Xylella fastidiosa bakteriya ce da ƙwari masu tsotsa ke kai wa inabi a Kalifoniya, kuma tun 2013 take kashe zaitun a kudancin Italiya. Tsakanin jijiyoyin ruwa na shuka akwai shamaki, ita kuma tana fitar da wani enzayim, polygalacturonase, mai narkar da shi don ta ratsa. A 2007 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka hana ta samar da wannan enzayim, sai ta kasa bazuwa, inabin bai kamu ba. An kuma gwada inabin da ke fitar da furotin mai toshe enzayim ɗin, cutar ta yi sauƙi.

Za a ce ina ruwan Korahane da inabi, tunda kuturtar gyaɗa bairos ce, ba bakteriya ba. Gaskiya ne, wannan dabara ba za ta taɓa ta ba. Amma cutar da ke mai da furen riɗi ganye, har ya ƙi yin 'ya'ya, bakteriya ce, ƙwaro ke kawo ta, kuma riɗi amfanin kuɗi ne a ƙasar Maradi. Hujjar tsada ta fi nauyi. A Fulorida allura ake yi wa bishiyar lemo mai irin wannan cuta ɗaya bayan ɗaya, abin da mai gonar jigawa ba zai iya ba. Iri ne hanyar da ta dace da mu, kamar yadda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da gyaɗa SAMNUT 24 mai jure kuturta. Wannan aiki ne na cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: su fara tantance ƙwayar da ke lalata riɗinmu da ƙwaron da ke ɗauko ta.