Faifai Naka Ne, Amma Wasan Na Masu Shi Ne

Duk wanda ya taɓa sa wa kwamfuta wasa ya san akwai wani dogon rubutu na Turanci da kan fito kafin a fara, wanda galibin mutane ba su karantawa, sai su danna wurin amincewa su wuce. To, wannan rubutu yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mai saye, kuma abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne ba a sayar wa mutum wasan ba, izinin yin amfani da shi kurum aka ba shi. Watau matsayinsa ya fi kusa da na ɗan haya, wanda ya biya kuɗin ɗaki amma gida na mai gida ne.

Mutane da dama ba su gane haka ba sai cikin 2015, sa'ad da kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Windows 10. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu yin wasanni sun riƙa sa wa faifansu wani makulli mai suna SafeDisc don hana masu satar fasaha kwafa. Aikinsa shi ne ya duba ko faifan asali ne ke cikin na'ura kafin ya bar wasa ya tashi, kuma ba ya iya yin haka sai ya kutsa can cikin cikin Windows. Tun 1998 zuwa 2007 ana tafiya a haka, har aka gano wata kafa a jikinsa wadda mugu zai iya bi ya mallake kwamfutar mutum. Saboda haka Windows 10 ta ƙi karɓarsa, sa'an nan cikin Satumba na 2015 aka aika da gyaran da ya kashe shi a Windows 7 da 8 ma.

Nan take wasanni masu yawa suka daina tashi, ciki har da Flight Simulator 2004, wanda Microsoft ɗin da kansa ya sayar. Abin takaici kuwa, wanda ya sayi na jabu, wanda aka riga aka ɓalle wa makulli, bai ji a jikinsa ba. Mai gaskiya da ya biya kuɗinsa shi aka bari riƙe da faifai, kuma ba shi da ta cewa, domin yarjejeniyar ba ta ɗora wa kamfani nauyin gyara wasa ya dace da Windows ɗin da za ta zo nan gaba ba. Wasan The Sims na 2000 sai cikin Janairu na 2025 aka fito da irin da ke aiki a sabuwar Windows, shi ma sai an sake biya.

Na kamfanin Ubisoft na Faransa ya fi wannan zafi. Wasansa na tseren mota, The Crew, wanda ya fito cikin 2014, ba ya aiki sai da intanet. Ran 31 ga watan Maris 2024 kamfanin ya rufe na'urorin da ke riƙe da shi, wasan ya mutu a hannun kowa. Wannan ya ta da ƙura ƙwarai, har mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke zuwa ga Tarayyar Turai cikin 2025. Ita kuwa Jihar Kalifoniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2025, cewa kanti ba zai rubuta "saya" a kan irin wannan kaya ba sai ya bayyana wa mutum cewa izini ne yake biya.

'Yan'uwanmu da ke sayen kwamfuta 'yar gwanjo a kasuwar Computer Village ta Ikeja, abin ya shafe su ta fuska biyu. Tsohon faifai ba lalle ya tashi a sabuwar Windows ba, tsohuwar Windows kuma ana ta yasar da ita: kantin Steam ya daina kula da Windows 7 da 8 tun 1 ga Janairu 2024, Microsoft kuma ya tsai da gyaran Windows 10 na yau da kullum ran 14 ga Oktoba 2025. Akwai dai kantin GOG na ƙasar Polan, wanda tun 2008 yake gyara tsofaffin wasanni yana sayarwa ba tare da makulli ba, mai saye kuma yana iya ajiye kwafinsa a nasa ma'aji, ya sa a kwamfuta ko da babu intanet.