Man Rake A Madadin Man Fetur: Abin Da Ya Faru A Ƙasar Birazil

Daga Wakilinmu

Tun daga watan Oktoba na shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka ƙi sayar da mai ga ƙasashen da suka goyi bayan Isra'ila a yaƙin da aka gwabza cikin wannan wata, ba a daina neman abin da zai maye gurbin man fetur ba. Cikin 'yan watanni kaɗan kuɗin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Mu nan Nijeriya abin ya zame mana gobarar Titi, har ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji a farkon 1975. Amma a ƙasar Birazil ta Amurka ta Kudu, wadda a lokacin take sayo wajen kashi 80 daga cikin 100 na man da take sha daga waje, al'amarin ya zama na ko a mutu ko a yi rai. Babu wata ƙasa da ta kai ta nisa wajen gwada wani mai daban, saboda haka labarinta ya isa a tsaya a duba.

Abin da Allah ya hore wa Birazil shi ne rake. A ran 14 ga watan Nuwamba na 1975 gwamnatin soja ta Janar Ernesto Geisel ta kafa wani shiri mai suna Proálcool, watau shirin yin man mota daga rake. Yadda ake yin sa ba wani boyayyen abu ba ne. Ana matse ruwan raken kamar yadda masu mazarƙwaila suke yi, sai dai maimakon a dafa shi ya daskare, sai a zuba masa yis a bar shi ya tsimu, sa'an nan a tace ta hanyar tururi. Abin da ke fita shi ne barasa tsantsa wadda masana ke kira itanol, ita ce kuma za mu riƙa kira man rake. Tan guda na rake yakan ba da wajen lita 80.

Da farko gauraya shi aka riƙa yi da fetur. To, da juyin juya halin Iran ya sake ta da farashin mai a 1979, sai kamfanin Fiat ya fito da wata ƙaramar mota, Fiat 147, wadda ba ta shan kome sai man rake zalla. Gwamnati ta ba masu masana'antu bashi mai sauƙin ruwa, ta rage haraji kan irin waɗannan motoci, ta sa aka kafa famfon man rake a gidajen mai, ta kuma tsare farashinsa ƙasa da na fetur. Kafin 1985 wajen tara daga cikin kowaɗanne sababbin ƙananan motoci goma da aka sayar a ƙasar masu shan man rake ne.

Amfanin da aka samu ba kaɗan ba ne. Kuɗin ƙasashen waje da a da ake kwasa ana kai wa masu arzikin mai sun tsaya a gida, mutane da yawa kuma sun sami aikin yi a gonaki da masana'antu. Tuƙar raken ma ba a zubar da ita: ita ake ƙonawa a tafiyar da injunan masana'antar, har a sami rarar wutar lantarki a sayar. Wannan ne ya sa ƙarfin da ake samu daga man rake ya ninka wanda aka kashe wajen yin sa kamar sau takwas. Bugu da ƙari, saboda man rake yana hana inji ƙwanƙwasa, Birazil ta daina zuba dalma cikin fetur tun farkon shekarun 1990, dalma kuwa guba ce mai illa ga ƙwaƙwalwar yara. Hayaƙin da mota ta fitar kuma, raken da aka shuka a baɗi zai shanye mafi yawansa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. A 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, har ya sauko ƙasa da dala 15, ga gwamnati kuma bashi ya yi mata katutu, ba ta iya ci gaba da tallafin. Ana cikin haka sai sukari ya yi tsada a kasuwar duniya. Mai masana'anta ɗan kasuwa ne, ba ɗan agaji ba; da ya ga sukari ya fi riba sai ya karkatar da rakensa can. A 1989 da 1990 gidajen mai suka bushe, masu motocin da ba su shan kome sai man rake suka kwana a layi, har ƙasar da ta fi kowa rake ta koma sayo barasar mota daga waje. Wanda duk ya taɓa kwana a layin mai a Kaduna ko Kano ya san irin wannan takaici. Jama'a suka yanke ƙauna, kafin ƙarshen shekarun 1990 ko mota ɗaya cikin ɗari ba a sayarwa mai shan man rake zalla.

Abin da ya ceto shirin shi ne wata dabara ta injiniyoyi. A watan Maris na 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da motar Gol wadda injinta ke karɓar fetur, ko man rake, ko gaurayensu ko ta yaya aka haɗa. Direba ya sami zaɓi, tsoron 1989 ya kau. Sai dai akwai lissafi: litar man rake ba ta kai litar fetur tafiya, domin ƙarfinta kamar kashi biyu cikin uku ne. Don haka direbobin ƙasar suke da wata ƙa'ida, in kuɗin man rake ya wuce kashi 70 daga cikin 100 na kuɗin fetur, to fetur ya fi sauƙi. Wannan ƙa'ida ce ta ja wa masana'antun wata masifa tsakanin 2011 da 2014, sa'ad da gwamnatin Shugaba Dilma Rousseff ta danne farashin fetur don hana tsadar kaya. Masu motoci suka koma fetur, masana'antun rake masu yawa suka rufe. A ganina nan ne gizo ke saƙar: ba a haɗa fetur mai rahusa da madadinsa a kasuwa guda.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa a famfon gidan mai. Shekara da shekaru 'yan ƙwadago ne ke saran rake da adda cikin rana, bayan an cinna wa gonar wuta don ganye ya ƙone, toka ta riƙa sauka a kan garuruwa. Sai bayan yarjejeniyar 2007 Jihar Sao Paulo ta koma girbi da inji, hayaƙi ya ragu, amma masu saran da yawa suka rasa abin yi. Kowace litar man rake kuma tana barin fiye da lita goma na gurɓataccen ruwa, wanda a da ya kashe kifi a koguna kafin a koyi mayar da shi gona a matsayin taki. Maganar abinci ta fi tsanani a Amurka, inda fiye da sulusin masarar da ake nomawa ke tafiya wajen yin man mota. A watan Janairu na 2007 dubban mutane sun yi zanga-zanga a birnin Meksiko saboda tsadar gurasar masara. Har ila yau, ko a Birazil man rake bai kori fetur ba. A watan Agusta na 2025 aka ɗaga gaurayen zuwa kashi 30 daga cikin 100, manyan motocin ɗaukar kaya kuwa man gas suka dogara da shi, jiragen sama kuma kananzir.

To, ina muka kwana a nan gida? A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar gauraya kashi 10 daga cikin 100 na irin wannan mai cikin fetur, daga rogo da rake. Ba mu rasa kayan aiki ba: babu ƙasar da ta kai mu noman rogo, ga kuma gonakin rake na Bacita da Numan. Amma wa zai zuba jarinsa alhali a lokacin gwamnati na sayar da fetur ƙasa da kuɗinsa? Rogon kuma shi ne garin da talaka ke jiƙawa. Haka nan aka yi ta kururuta binidazugu a waɗannan shekaru, cewa zai ba da man gas a ƙasar da ba ta noma, daga baya aka gane in ba ruwa da taki 'ya'yansa ba su taka kara sun karya.

Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi a ran 29 ga watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, sai gwamnati ta karkata ga iskar gas da ake matsawa cikin tukunya. Iskar ta fi fetur araha da tsabtar hayaƙi, muna kuma da ita jingim. Amma juya inji yana cin kuɗi, tukunyar tana cinye rabin but, mota kuma ba ta nisa kafin ta nemi ƙari. Ƙasar Pakistan ta juya miliyoyin motoci zuwa gas, daga baya iskar ta yi ƙaranci har aka riƙa rufe gidajen sayar da ita kwanaki a kowane mako. Ga direban Arewa kuwa, samun iskar a kai a kai ya rataya ne a kan bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020.