Sansar karanshaf: Abin da ke kashe mota idan inji ya ɗau zafi

A hanyar Anka zuwa Gummi ko Bukkuyum, mutuwar mota a daji ba ƙaramin haɗari ba ne. Sau da yawa akan ɗora wa famfon mai laifi, alhali matsalar tana ga sansar karanshaf.

Sansar tana ƙirga haƙoran wani faifai da ke juyawa tare da karanshaf, ta aika saƙo ga kwamfutar motar, ita kuma ta umarci kwail ya ba fulogi wuta. A nau'in mai waya 3, akwai ta wuta, ta nagatif da ta saƙo. Ko ɗaya ta tsinke, kik zai juya amma inji ba zai tashi ba. Tsohuwar sansa kuwa takan ɗauke da zafi, ta farfaɗo bayan ta huce. Shi ya sa motar kan tashi lafiya a gaban bakanike.