Gasar Ryder: Daren da Kyaftin ke Yanke Hukunci Shi Kaɗai

A yammacin Asabar, 29 ga Satumba, 2012, a filin golf na Medinah da ke kusa da birnin Chicago, tawagar Amurka na da maki 10, ta Turai kuwa na da 6. Saura kwana guda a kammala gasar Kofin Ryder. José María Olazábal, ɗan ƙasar Sifaniya da ke jagorantar Turai, ba shi da ikon buga ƙwallo ko sau ɗaya, domin kyaftin a wannan gasa ba ya shiga wasa. Abin da ya rage masa shi ne takarda da alƙalami.

Gasar na da maki 28, kuma 12 daga ciki ana raba su ne ranar Lahadi, inda kowane ɗan wasa ke karawa da abokin hamayya guda. Kowane kyaftin zai jera sunayen mutanensa 12 ba tare da ya ga jerin ɗan'uwansa ba. Turai ce ke riƙe da kofin, don haka maki 14 sun ishe ta. Ke nan sai ta ci takwas cikin 12, a gaban 'yan kallon da ba nata ba.

Olazábal ya san ɗacin irin wannan rana. A 1999, a Brookline, yana ɗan wasa lokacin da Turai ta shiga Lahadi da maki 10 da 6, amma Amurka ta ƙwace kofin. Kyaftin na Turai a lokacin, Mark James, ya ajiye sababbin 'yan wasa uku bai saka su ba sai ranar ƙarshe, dukansu kuma suka sha kashi. Ben Crenshaw na Amurka ya sa gwanayensa a gaba, suka cinye wasanni shida na farko.

Darasin da ya koya ke nan. Wanda ke baya ba ya ɓoye gwanayensa, domin in aka rasa wasannin farko, na ƙarshe ba su da amfani. Sai ya jera Luke Donald, Ian Poulter, Rory McIlroy, Justin Rose da Paul Lawrie a sahun gaba. Ya kuma sa tawagar ta sanya tufafi masu launin shuɗi da fari, irin waɗanda aka san Seve Ballesteros da su. Ballesteros amininsa ne kuma abokin wasansa, ya rasu a watan Mayun 2011.

Takwaransa Davis Love III shi ma ya yanke nasa hukuncin. Ya hutar da Phil Mickelson da Keegan Bradley a yammacin Asabar, alhali sun ci wasanni uku a jere. A wannan yammacin ne Poulter da McIlroy suka ceto makin da ya rage tazarar zuwa huɗu.

Ranar Lahadi, McIlroy ya rikita lokaci, sai motar 'yan sanda ce ta kawo shi filin ana gab da kiran sunansa. Duk da haka ya doke Bradley. Mutum biyar ɗin da ke gaba duk suka yi nasara. Martin Kaymer, wanda aka ajiye a na 11 saboda wasansa ya yi sanyi, shi ne ya jefa ƙwallon da ta cika maki 14. Francesco Molinari ya yi kunnen doki da Tiger Woods, aka tashi 14½ da 13½.

Love ya sha suka kan hutun da ya bai wa mutanensa biyu. Bayan shekara huɗu aka sake ba shi ragamar tawagar, ya kuma ɗauki kofin a Hazeltine da maki 17 da 11.