Masu Gudun Dutse Da Shahon Ingila

Jama'a manoma, makon nan za mu leƙa wata ƙasar duwatsu da tafkuna a arewacin Ingila, wadda su ke kira Lake District. Noma kaɗan ne a can, tumaki su ne dukiya. Makiyayi kuwa kullum ƙafarsa na kan dutse, ruwa ko rana. Daga nan wasan gudun dutse ya samo tushe, har ya zama abin da a ke taruwa kallo ran bikin nunin tumaki.

A 1932 wani mai masaukin baƙi a garin Keswick, Bob Graham, ya haye kan duwatsu 42 cikin ƙasa da awa 24. A 1975 wani makiyayin kwarin Wasdale, Joss Naylor, ya haye 72, tafiyar da ta kai mil 100, shi ma kafin awa 24 ta cika. Ya rasu a 2024 yana da shekara 88.

To, mai yawo a dutse ba ya rasa ganin tsuntsaye masu farauta. Akwai wani irin shaho mai sheƙa a jikin dutse, wanda ya kan faɗo daga sama ya buge tattabara tana cikin tashi. Masu kiwon tattabaru suka yi kuka wai ya yi yawa, sabo da haka a 1961 da 1962 aka sa wani masani, Derek Ratcliffe, ya shugabanci ƙirga shi. Shi ma tun yana yaro ya ke taka waɗannan duwatsu. Ashe ƙarewa shahon ya ke yi. Wurare da yawa da aka san yana sheƙa an iske su wayam, waɗansu sheƙun kuma ƙwai ne fasassu.

Dalili kuwa maganin ƙwari ne. Manomi ya cuɗa iri da dieldrin, tattabara ta tsince, shaho ya ci tattabara. Irin wannan magani ba ya fita daga jiki da wuri, sai ya taru cikin kitse har ya kashe. A 1967 Ratcliffe ya nuna ɓawon ƙwan ya rage kauri tun lokacin da aka soma aiki da DDT, watau uwa ta kwanta a kansa ya fashe. Da aka hana magungunan nan, sannu a hankali shaho ya komo, yau har cikin birnin Landan ya ke sheƙa.

Mu ma nan muna da namu. Shirwa ta kan ɗauki ɗan tsako, gaskiya ne, amma ku dube ta ran da fara ta tashi. Mujiya ɓera ta ke ci, ɓeran da ke ɓarna a rumbu. Ungulu kuwa, mai kwashe mushe, a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da su ke dab da ƙarewa, guba na cikin dalilai.

Don haka in kun cuɗa iri da magani, ku binne shi sosai, wanda ya zube ku kwashe. Kada a zuba guba a mushe don kare ko kura. Ɓeran da magani ya kashe a haƙa rami a rufe. 'Yan tsaki kuma a yi musu akurki. In kuna hanyar gona ku riƙa ɗaga kai, in tsuntsayen nan sun ragu, ku gaya wa malamin gona.