Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Kwamfutar Tafi-da-gidanka Jan Ƙafa In Ta Ɗau Zafi?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga hannun wani malamin makaranta a garin Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana ta Jihar Katsina. Malamin ya ce ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, yana koya wa ɗalibansa amsa tambayoyi da ita, tun da yake daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ya ce da safe in ya kunna ta tana aiki sumul, amma kafin azahar sai ta ɗau zafi, fankarta ta kama gurnani, ta riƙa jan ƙafa har harafi ma sai an jira shi kafin ya fito, wani sa'in kuma ta mutu da kanta. An ba shi shawara ya sayar ya sayi wata, shi kuwa ba shi da halin haka, ga jarrabawa tana matsowa. Shi ne yake tambaya, shin lalacewa ta yi ko kuwa akwai magani?

To Malam, mun gode da wasiƙarka, kuma kada ka yi garajen sayarwa tukuna. Bisa ga alamun da ka zayyana, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne na'urar ce da kanta take rage gudu don ta tsira da ranta.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin falle da ake kira firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafi, kuma yawanci kamfanin Intel ne ko AMD ya ƙera shi. Ana auna gudunsa da abin da ake kira gigahaz, wato bugu miliyan dubu a cikin daƙiƙa ɗaya. Iyakar gudunsa, iyakar wutar da yake sha, iyakar zafin da yake fitarwa. An daɗe da sa wa firosesa wata dabara ta auna zafin jikinsa. In zafin ya doshi digiri 100 a ma'aunin santigiret, sai ya rage gudu da kansa, in kuma hakan bai wadatar ba ya kashe na'urar baki ɗaya don kada ya ƙone. Kai da kake cikin manoma ka san yadda shanun huɗa suke yi in rana ta take, ko an tsawata masu ba za su yi tafiyar da suka yi da sassafe ba. To kusan haka abin yake.

Abin da ke kwashe wannan zafi kuwa abu uku ne: wani bututun jan ƙarfe da ke kwance a kan firosesa, da wasu siraran ƙarafa masu kama da lagireton mota, da 'yar fankar da ke hura iska ta tsakaninsu. Yawancin kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sun ƙayyade cewa kada zafin wurin da ake aiki da su ya wuce digiri 35. A ƙasar Katsina kuwa, tsakanin watan Maris da Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 har ya ɗara, balle a ɗaki mai rufin kwano. Sannan ga ƙurar hunturu da ke shiga ta ko'ina, tana taruwa a bakin waɗancan ƙarafa har ta zama kamar bargo. Ka ga ke nan fanka tana ta juyawa amma iska ba ta samun hanyar fita.

Kafin ka kashe ko kwabo, ga gwajin da za ka yi da hannunka. In Windows ce a kanta, danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare, wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager. Shiga sashen da aka rubuta Performance, ka duba gudun firosesa da safe kana cikin aiki, ka rubuta, sannan ka sake dubawa da rana lokacin da ta fara nauyi. Akwai kuma manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna zafinsa. Abin da za ka gani ba zai wuce ɗaya daga cikin uku ba.

Na farko, in da safe gudun ya kai gigahaz 2 ko fiye, da rana kuma ya faɗi ƙasa warwas yayin da zafi ya haura digiri 90, to zafi ne, babu tantama. Maganinsa, daina ɗora ta kan katifa ko darduma ko cinya, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗora ta kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu mai tauri, ka zaɓi wuri mai inuwa da iska. Sai ka kashe ta, ka zare caja, ka share kafofin iskar da burushi mai laushi. Kada ka hura da baki saboda danshi, kuma kada ka kuskura ka ɗora mata tsumma mai ruwa ko ƙanƙara. In ba ta canja ba, kai ta wurin mai gyara a Dutsin-Ma ko Katsina ya buɗe ya kwashe ƙurar ciki. Ka kuma ce masa ya canja man da ke tsakanin firosesa da bututun nan. Wani mai ne toka-toka mai kaurin man goge baki, yana bushewa in ya shekara biyu ko uku, kuma kwamfuta ta hannu sau da yawa ba a taɓa canja mata shi ba. Ɗan kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar dawa. Amma fa man goge bakin kansa ba ya wannan aiki, kada wani ya ruɗe ka.

Na biyu, in ka ga gudun ya maƙale a ƙasa da gigahaz 1 tun daga kunnawa, alhali jikinta da sanyi, to ka tuhumi caja ko batir. Kowace caja an rubuta ƙarfinta a jikinta, wata wat 45, wata 65, wata 90. In aka haɗa ka da wadda ba ta kai abin da na'urar ke bukata ba, dole ta taƙaita aiki. Na'urorin Dell da HP da dama ma suna da wani ɗan tsinke a tsakiyar bakin cajarsu wanda da shi suke gane ƙarfinta, in ya karye ko cajar jabu ce, sai su rage gudu, wasu har su ƙi cajin batir. Gwajin nan mai sauƙi ne: zare cajar ka gani, in gudu ya dawo, to ka kama ɓarawonka. Ari caja ta asali mai ƙarfi daidai ka tabbatar kafin ka saya, ka san dai araha ba ta ado. Haka nan ka duba tsarin wuta na Windows, kada a ce an bar ta a kan tsimin batir. In kuma ka lura batirin ya kumbura yana ɗaga maɓallai ko murfin ƙasa, daina aiki da ita nan take a cire shi, domin irin wannan yana iya kama wuta.

Na uku, in gudun firosesa lafiya lau yake, zafi ma da sauƙi, to duba layin Memory da na Disk a wannan shafi. In ɗayansu yana cika maƙil, to wurin aiki ne ya yi mata kaɗan. Windows 11, wadda ta fito a shekarar 2021, ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4 na abin da masu gyara ke kira ram, kuma ba ta sakewa sosai sai an kai 8. Rage manhajojin da ke tashi da kansu in an kunna ta, ka bincike ta ko ƙwayar cuta ta shige ta ta hanyar filas ɗin da ake yawo da shi. In da hali, a musanya mata tsohon faifan ajiya mai juyawa da irin wanda ake kira SSD. Wannan canji kaɗai yakan sa tsohuwar na'ura ta farfaɗo, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sayen wata ba.

Akwai manhajojin da ke hana firosesa rage gudu, wani mai gyara ma yana iya cewa zai sa maka. Wannan daidai yake da cire wa mota ma'aunin zafi don kada ya dame ka, ƙarshenta inji ne zai buga. A gyara sanadin, shi ne magani.

Abu na ƙarshe Malam, kafin kowa ya sa mata sukundireba, kwafe tambayoyin ɗalibanka da sauran takardunka a filas ka adana, kuma a yi gyaran nan tun da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Muna fatan Allah ya ba yaran nan sa'a, ya kuma ba ku zaman lafiya a Runka da Safana da Batsari da kewaye.

Jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Duk mai tambaya sai ya aiko da wasiƙarsa kamar yadda aka saba, a rubuta a fili, a kuma faɗi sunan gari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.